Ɗanwake a Cikin Shayi

Guangzhou, ƙasar Sin
Daren Lahadi

Zuwa ga uwargidana Hajiya Kaka, a Yakasai.

Gaisuwa ce daga mijinki da ya yi nisan kiwo, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma kin daina tura maganin ƙarƙashin katifa kina cewa kin sha. Na san Auta ce za ta karanta miki, to Auta ki ɗaga murya, kuma ban yafe ba in kika tsallake inda na taɓo ki. A gaida Baba da Umma, a ce musu saƙo ya iso. Maganar filin nan na ji, bakina alekum, Kawu ya fi ni sanin abin da ya shuka. Kayan Alhaji sun shiga kwantena tun Talata, ruwa ake yi kullum, tarin ya tafi, na ɗan yi ƙiba. Labarai sun ƙare ke nan.

Sai gyara guda ɗaya. An ce kina ta shela a gidajen biki wai jikanki yana Gwanjo. Hajiya, Guangzhou ake cewa, birni ne da ya ninka Kano, ba layin 'yan gwanjo na Ƙofar Wambai ba. Saboda ke har Goggo ta aiko wai in zaɓo mata dilar rigunan sanyi na yara, masu ɗan kyau-kyau. Unguwar da nake kuma Xiaobei ce. Auta, kada ki karya harshenki a banza, ki ce Shawbe kawai ki wuce.

Yanzu ki gyara zama, ki tofar da goron nan, don abin da zan faɗa miki ba a jin sa da abu a baki. Mutanen garin nan tauna shayi suke yi. Wallahi tauna shi suke yi, da haƙori, kamar ganda.

Ranar wata Juma'a ce na fara gamuwa da shi. Mun taso daga masallacin da mutanen nan suke cewa kabarin Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas yana harabarsa, zafi kamar Kano a watan Afrilu amma da gumi, sai yaron da yake mana tafinta ya ce bari ya saya mini shayi. Na ce a raina, yau ga ɗan albarka. Muka tsaya a wani ɗan shago, yarinyar ta fara yi mini tambayoyin da ko ranar neman biza ba a yi mini irinsu ba. Wane ganye, baƙi ko kore? Da madara ko da 'ya'yan itace? Sukari kashi nawa cikin ɗari, 30 ko 50 ko 70? Ƙanƙara fa, da yawa, kaɗan, ko babu? Hajiya, mai shayinmu na bakin Kasuwar Rimi tun ina ɗan makarantar allo bai taɓa tambayata kashi nawa ba. Fuskarka zai duba, ya dubi aljihunka, ya san ko mai kauri za a haɗa maka ko ruwan bunu. Na ce wa tafinta ya gaya mata ɗari bisa ɗari, in akwai sauran wuri a ƙara. Ta dube ni kamar za ta kira mini likita.

Aka miƙo kofi, an liƙe bakinsa ruf da leda, da wani bututun roba mai kaurin karan dawa, bakinsa a fiƙe. Ashe soka shi ake yi, kamar wanzami zai yi sakiya. Na soka, na yi bismillah, na zuƙa da ƙarfin mai ƙishirwa. Sai wani abu ya taso ta cikin bututun, fit, ya daki ganɗata kamar an harbo shi da danƙo. Kafin in ce me, na biyu da na uku sun biyo sahu. Na tofo a tafin hannu na duba: baƙi, mulmulalle, yana sheƙi. Ke dai kin yi kiwon awaki, ba sai na faɗa miki abin da ya fara zuwa raina ba. Na ɗaga kofin sama, sai ga su jibge a gindinsa kamar ƙwan kwaɗo a kududdufi da damina. Tafinta yana ta dariya har da riƙe ciki, wai ai lu'ulu'u ne. Sunan abin ke nan da yarensu, shayin madara mai lu'ulu'u. Kuɗinsa kuwa ba zan faɗa ba, don na san Auta za ta juya shi zuwa naira, jininki ya hau a ce ni ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Yaya. Kin tuna ranar da ta dama kunun tsamiya ya yi gudaji, kika tara mata jama'a, kika ce a haka za ta je gidan miji ta ja mana zagi? To a ba ta haƙuri. Gudajin nan a nan shi ne abin sayarwa, har ƙarin kuɗi ake biya a ƙaro maka cokali guda. Da a nan aka haife ta da yanzu tana da bene. Akwai wani kamfani mai suna Mixue, alamarsa wani ɗan dunƙulen ƙanƙara da hular sarauta, shagunansa sun haura 45,000, sun fi na McDonald's ɗin Amurkawa yawa a duniya. Duk a kan shayi da ƙanƙara da gudaji.

Na bi salsalar abin, don kin san ni da bin diddigi. A tsibirin Taiwan aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980. Gidajen shayi biyu, Chun Shui Tang na garin Taichung da Hanlin na garin Tainan, kowa ya ce shi ya fara jefa ƙwallayen a shayi. Suka kai juna kotu, aka yi ta shari'a wajen shekara goma, sai a 2019 alƙali ya ce kowa ya je ya dafa abinsa, ba na kowa ba ne. Kamar a ce Kanawa da Zagezagi sun shekara goma gaban alƙali a kan wa ya fara dama fura. Ko da yake wannan ba ta buƙatar shari'a, kowa ya san Zagezagi a wurinmu suka gani.

To ga inda zancen yake. Na matsa wa tafinta ya gaya mini da me ake yin lu'ulu'un, ya latsa waya ya nuna mini hoto. Hajiya, rogo ne. Rogon nan dai da ake dafawa a yanka a tire, a barbaɗa masa ƙuli da yaji, yara su saya a ƙofar Islamiyya. Sitacinsa ake tacewa a busar, irin wanda mai wanki yake zuba wa babbar rigar Kawu har ta iya tsayuwa sallah ita kaɗai. Na miƙe tsaye na gaya wa yaron nan cewa duk duniya ba ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara. Ya ce to me ya sa garin da ake sayarwa a nan daga Tailan yake zuwa? Na ce masa mu namu cinyewa muke yi, ba mu da lokacin wasa da abinci. Amma maganar ta ci ni, har na kwanta ina juya ta.

Shi ne fa jiya Asabar na ce jikan Hajiya guda ba zai ci gaba da ba wa wasu kuɗi a kan rogo ba. Na sayo garin sitaci, da wani sukari ja da suke yankawa sala-sala, wanda in kin gan shi za ki rantse mazarƙwaila ce, da mangwaro uku, da koren ganyen shayi mai ƙamshin fure, da madara.

Zubin farko na kwaɓa da ruwan ɗumi. Abin da ya fito ba shi da suna. In na doke shi da cokali sai ya ƙame kamar daɓe, in na ɗebo a hannu sai ya tsiyaye ta tsakanin yatsu kamar koko. Na ja da baya na yi ta'awwuzi, don abin da yake tauri da ruwa a lokaci guda ba a rasa mutanen ɓoye a ciki. Ashe sirrin a tafasa yake. Sai an narka mazarƙwailar a ɗan ruwa ya tafasa sosai, a sauke a zuba garin nan take a tuƙa kamar ana talge, zafin ne yake kama sitacin ya yi danƙo. Sannan a ƙara gari a murza har ya daina kama hannu, a mulmula shi dogo kamar igiya, a yayyanka, a bi kowane ɗan guntu a mulmule shi kamar ƙwayar gujiya.

Wannan mulmular ita ce azabar. Na zauna tun bayan la'asar, ban ɗago ba sai da aka kusa magariba, wuyana ya sage. Da zare na zura musu da na yi miki carbi mai dubu. Duk wanda ya ƙirƙiro abin nan ba shi da aikin yi, ko kuma yana da 'ya'ya mata goma sha biyu.

Na tafasa ruwa a tukunya na zuba su. Suka nutse. Ina tsaye ina juyawa kada su kama gindi, can sai na ga ɗaya ya taso, wani ya biyo, kafin ka ce kwabo duk sun yi sama suna rawa a kan ruwa. Hajiya, na saki ludayin na yi salati. Ɗanwake ne! Wallahi ɗanwake ne, yadda kike jefa shi ya nutse ya taso, sai dai ba kuka ba kanwa, kuma maimakon a tsame a zuba mai da yaji, sai a jefa shi a shayi. Shekara da shekaru kina zaune a kan dukiya a tsakar gida kina rabar da ita kyauta ga almajirai.

Sauran aikin ba wuya. Bayan sun taso a bar su su yi kamar minti ashirin a wuta, a rufe a ba su wasu ashirin ɗin su huce a ruwansu, a tsame a ɗauraye da ruwan sanyi kamar dai ɗanwaken, a jiƙa su a ruwan mazarƙwaila mai kauri. A dafa shayin a bar shi ya huce, a markaɗa mangwaro a bilenda, a zuba ƙwallayen a gindin kofi, mangwaro a kai, sai ƙanƙara, sai shayi, sai madara. Gargaɗi biyu, kuma duk da jikina na saye su. Kada a haɗa madara da abarba ko lemon tsami, tsinkewa take yi, na gwada kofi guda na samu nonon da ko Bafillatanar da ta fi kowa wayo ba za ta iya sayar da shi ba. Kuma kada a kwana da su a firij. Ragowar da na ajiye, da safen nan na tauna ɗaya na ji kamar tsakuwar shinkafar gidan biki. Akwai wasu irin kuma masu fashewa a baki da ruwan 'ya'yan itace a ciki, an ce da sinadarin ciyawar teku ake musu fata, waɗannan na bar wa masu su.

Ya yi daɗi kuwa, ba yabon kai ba. Matsalar ita ce hannuna awon gidanmu ya sani. Ban ankara ba sai da na ga na cika tukunya, abin da zai ishi mutum goma sha biyar har a miƙa wa maƙwabta ta kan katanga. Bamaraɗen da muke ɗaki ɗaya ya tafi Yiwu saro kaya. Maƙwabcina na ƙofa da ƙofa, shekara biyu ke nan, in mun haɗu a lif kowa wayarsa yake kallo. Na ɗauki kofi na je har bakin ƙofarsa, na tsaya, na rasa da wane yare zan ce masa ga ɗan taɓawa, na dawo. Sai a lokacin na gane dalilin liƙe bakin kofin nan da leda: kofi ɗaya, bututu ɗaya, mutum ɗaya, yana tafe yana zuƙa, ba ta inda wani zai ce sam mini. Na duba agogo, tara na dare, wato biyu na rana a wurinku, awa bakwai ce tsakaninmu. Na san an idar da azahar, kin sa an ɗauko ƙwaryar nan, kina dama fura kina faɗan an cika ruwa, ludayi ɗaya yana zagaya mutum shida, Auta tana zaƙulo gudajin ƙasa tana cewa ita ba ta sha komai ba. Na kira sau uku wayar a kashe, na san wuta aka ɗauke. Sai na zauna na shanye kofi huɗu ni kaɗai. Yau ko tari na yi sai in ji suna kaɗawa a cikina kamar caki.

Amma ba asara. In Allah ya kai mu Babbar Sallah ina tafe, kuma shago zan buɗe a bakin layinmu. Na zoɓo, na tsamiya, na goruba, mangwaro kuma daga 'Yan Lemo kwando-kwando. Yaya ce shugabar sashen gudaji, a mayar mata da mutuncinta. Auta da ƙawayenta su ne 'yan mulmula, tunda dama yatsunsu sun saba da latsa waya. Ke kuma ke ce mai jari, sunanki za a rubuta a allo. Batun taunawa kada ya dame ki, na san haƙoran huɗu ne suka rage kuma biyu ba sa ga maciji da juna, naki a magogin goro za a goga miki. In kuma kika ce ba za ki sha ƙwan kwaɗo ba, to ki sani akwai wata tsohuwa mai sayar da mangwaro a bakin titinmu, kullum sai ta ƙara mini ɗaya gyara, haƙoranta kuma cif. Ban ce komai ba tukuna, amma ki shiga taitayinki.

Alhaji zai shigo baje kolin Canton na watan Oktoba. A ba shi kuka da daddawa da yajin Umma, a ɗaure da kyau kada su bi masa shadda. Kilishi kada a sako, ba a barin nama ya wuce filin jirgi. Kuma ki sa a cusa mini ɗan ludayin nan na duma, wanda ya tsage kika ɗinke da zare. Kada a sayo sabo, shi nake so.

Mijinki na ƙwarai, wanda bai taɓa hana ki kuɗin goro ba sai in babu.