Madalla da Iyayen da Suka Bar Gado a Sellafield

A gaishe da mahukuntan Birtaniya, iyayen da ba su manta da magada ba. Wani uban gona yake bari, wani gida. Su kuwa fulutoniyam suka tara wa jikoki, kusan tan 140, a Sellafield da ke bakin teku a yankin Cumbria. Babu ƙasar da ta kai su ajiyar wanda ba na soja ba. Bam ɗin da ya ƙone Nagasaki a 1945 kilo 6 da 'yan kai kawai ya ci. Sai ku auna girman wannan alheri.

Ga shi kaya mai ƙarko. Fulutoniyam-239 sai ya shekara 24,000 kafin rabinsa ya lalace, don haka tattaɓa-kunnen tattaɓa-kunne ma ba zai rasa rabonsa ba. Gadi da bindiga dare da rana, sauya gwangwanayen ajiya in sun tsufa, biyan kuɗin duka daga aljihun mai haraji: an samar wa waɗanda ba a haifa ba aikin yi, ba tare da an wahalar da su da neman yardarsu ba.

Hangen nesan ma abin a yaba ne. An yi ta tace fulutoniyam ɗin daga tsohon makamashin nukiliya don ciyar da wasu sababbin injina na musamman. Shirin injinan ya mutu a tashar Dounreay a 1994, amma jarumai ba su karaya ba, a shekarar suka buɗe sabuwar matata, THORP, suka ci gaba da tarawa. Suka gina masana'antar da za ta mayar da shi makamashi, tan 120 a shekara a takarda. Ba ta fitar da tan 15 ba duk rayuwarta, aka rufe ta a 2011. Sannunku da ƙoƙari!

Mu mun san wanda ya ci ladan kuturu shi ke yi masa aski. Waɗannan sun fi mu dabara: sun sha wutar lantarki, sun miƙa wa jariri askar.

A Janairun 2025 gwamnati ta yanke shawarar a daskarar da dukiyar, a binne ta can ƙarƙashin ƙasa. Ramin ba a haƙa ba, wurin haƙawar ma ba a tsayar ba. Majalisar Cumbria ta taɓa cewa a'a ga haƙa shi a yankinta a 2013.