Ƙiwa

Ƙiwa takan kama jariri daga wata 7 zuwa 9, bayan ya iya bambance fuskar gida da ta baƙo. Kaka ta yi tattaki daga ƙauye don ganin maigidanta, tana miƙa hannu sai angon ya tsala ihu, ya cusa kai a ƙirjin uwa. A wannan tsakanin ne kuma yake gane cewa abin da ya ɓace wa ido yana nan, don haka ko banɗaki uwa ta shiga sai ya bi ta da rarrafe, ya kafa zaman makoki a bakin ƙofa. Idan ya faɗi, fuskarta yake fara dubawa kafin ya yanke shawarar kuka. Ƙiwar takan lafa wajen shekara 2.