Jinjina ga Sarkin Tsaraba na Granada

Allah ya ja zamanin matafiyi, gwanin zaɓe, toron giwan kasuwar baƙi, mai aljihu ba ya ƙafewa, wanda ya taka birnin Granada na ƙasar Sifaniya ya fito da akwati biyu maƙil da tsaraba, bai bari ko abu guda da aka yi a Granada ya gurɓata masa kaya ba. Wannan ba aikin yara ba ne. Gari ne da masu sana'ar hannu suka yi kaka-gida tun zamanin sarakunan Banu Nasr, masu fadar Alhamra, kuma kafin mutum ya kauce musu gaba ɗaya sai ya haɗa basira da sa'a da taurin zuciya. Yallaɓai ya haɗa su duka.

Da Alcaicería ya fara, kamar yadda ya dace da manya. Nan ce kasuwar alharini ta garin kafin Sarki Abu Abdullahi ya miƙa makullai a 1492. Gobara ta cinye ta a 1843, aka sake gina wata ƙarama a gurbinta, aka yi mata kwalliya irin ta Larabawa. A waɗannan lunguna masu albarka yallaɓai ya tsinci lu'ulu'ai: bijimin roba, 'yar tsana mai jar riga, mafici mai buɗewa sau biyu kafin ya yi ritaya, da maganaɗisun liƙawa a firij mai hoton shinkafar paella, abincin mutanen Valencia. Mai ƙaramin tunani zai juya gindin kaya ya karanta ɗan rubutun da ke faɗin ƙasar da aka ƙera shi. Yallaɓai ya fi ƙarfin leƙe-leƙe. Shi ya san darajar abin da ya sha tafiya. Tun 2014 akwai jirgin ƙasa na ɗaukar kaya daga birnin Yiwu na ƙasar Sin zuwa Madrid, hanyar da ta kai kimanin kilomita 13,000. Wane maginin tukwane ne a Granada zai iya cewa akushinsa ya ga duniya haka?

A hawan Cuesta de Gomérez, titin da ke kai mutum Alhamra, jarrabawa ta same shi, ya kuwa ci ta. A can masu aikin taracea suke. Tsoho ya sunkuya kan teburi, ya yanka katako iri-iri da ƙashi ƙanana ƙanana, yana dasa su ɗaya bayan ɗaya har tauraro ya fito, sannan ya yi ta gogewa sai yatsa ya bi saman akwatin bai ji mahaɗa ba. Kwanaki yake kashewa a kan ɗan akwati guda, kuma don rashin kunya yana so a biya shi kuɗin kwanakin. Yallaɓai, garkuwar tattali, bai ko tsaya amsa gaisuwa ba. Ya gangara inda ake buga wannan zane a takarda, a manna a kan katako, a shafe da man ƙyalli, ya kwashi dozin. Nasa ma sun fi sheƙi.

Haka ya tsallake tarkon kwanukan Fajalauza, farare masu zanen shuɗi da kore, da tsuntsu da 'ya'yan rumman, waɗanda ake ginawa a garin tun ƙarni na 16. Aibinsu a fili yake: hannu ne ya zana su, don haka babu biyu da suka zo daidai. Mai iyali da dangi da surukai ba ya wasa da wuta. Kayan masana'anta kuwa kowane ɗaya tagwayen ɗan'uwansa ne, uwargida da amarya ba mai cewa an fifita wata. Ko alƙali Ibn Asim, ɗan wannan gari, wanda ya rasu a 1426, wanda har gobe malamanmu ke karantar da littafinsa na Tuhfa a zaure, bai kai ga wannan zurfin adalci ba. Shi ya ɓata tawadarsa ne a kan hukuncin ciniki da mayar da kaya mai aibi.

Amma inda yallaɓai ya kere sa'a shi ne titin Calderería Nueva, mai shagunan shayi da fitilun Maroko. Nan ya hangi tumtum na fata, ya ce wannan sai falonsa. Shekaru aru-aru ayari na ɗaukar jar fatar akuyar Sakkwato daga Kano, ya ƙetare Sahara da ita, Turawa su saya a arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Dukawan Kasuwar Kurmi na nan suna ɗinka tumtum, suna jiran mai saye. Sai namijin duniya, mai hangen nesa, ne zai gane cewa tumtum ba ya cika tumtum sai an biya shi da Yuro, an ƙara da kuɗin nauyin kaya a filin jirgi. Ya yi tayi, aka yi albarka, ya ƙara, aka rage masa Yuro biyu, ya fito yana taƙama ta mai nasara. Makarantar da Sarki Yusuf na Ɗaya ya gina a 1349 tana taku kaɗan daga kasuwar alharinin, amma lokacin babban mutum ya fi ƙarfin kallon bango.

Tausayi ma Mansa Musa yake ba mutum. Da dukan zinarensa, da ya haɗu da ɗan Granada, Abu Ishaƙ al-Sahili, a hajjinsa na 1324, tsarabar Granada da ya iya komawa Mali da ita ke nan: mutum guda, masani mai waƙa da gini. Ba mafici, ba bijimi.

Ranar rabon tsaraba gida ya cika. "Gwaggo, ga naki, daga Andalus," in ji yallaɓai, ya miƙa mata maganaɗisu da hannu biyu, ya faɗi kuɗinsa da Yuro, ya juya mata shi zuwa Naira don ta san nauyin abin da ta riƙe. Gwaggo ba ta da firij. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ta liƙa shi a murfin langa.