Iska Ce, Bar Ta Ta Fita

Duk wanda ya taɓa kwana a Tudun Wadan Zariya a watan Janairu ya san ruwan asuba ba abokin wasa ba ne. Shi ya sa bara na sa aka kafa mana hita mai aiki da hasken rana, aka ja mata fayif daga tankinmu mai cin lita 2,000, aka sa bawul mai ɗan inji a tsakani. In ruwan hita ya yi ƙasa, injin ya juya ƙwallon da ke cikin bawul ɗin, ruwa ya wuce. In ta cika, ya mayar da shi.

Ranar Asabar ya ƙi. Mai gyaran famfonmu yana Kano wurin ɗaurin aure, amma ta waya ya ce in kasa kunne: in injin yana gurnani bai juya ba, yashin burtsatse ne ya cije ƙwallon. In kashe wuta, in rufe ruwa daga gindin tanki, in kwance noti, in wanke.

Na hau ƙarfen tanki da sifana, daga ni sai singileti da wando mai tazuge. Injin kuwa gurnani yake yi. Na sa aka kashe wuta, na murɗa marufin gindin tanki har hannuna ya yi ja. Ashe kansa kawai ke juyawa, harshen cikinsa ya daɗe da karyewa.

Notin ya yi ɗan tsaki. Sai ya fice.

Jama'a, ruwan da ya kwana a sama cikin hunturu, kaurin fayif guda, shi ne ya same ni a tsakiyar ƙirji. Numfashina ya tsaya. Na buɗe baki zan yi salati, ya shiga nan ma. Sifana ta yi ƙasa, na ji ƙararta a kan kwanon ɗakin girki. Hannun hagu na riƙe da ƙarfe don kada in bi ta, na dama na danne bakin fayif, ruwa na tsartuwa ta tsakanin yatsuna yana wanke min ido. A daidai nan na ji wandon, da ya sha ruwa ya yi nauyi, ya fara sallama da ƙuguna. A hankali yake tafiya, kamar baƙon da ba ya son a ji fitarsa. Allah bai ba ni hannu na uku ba. In saki ƙarfe, asibiti. In saki fayif, ruwan gida. In ƙyale wando, mutunci. Sai na matse gwiwoyi, na tsaya a karkace, a wurin da ya fi ko'ina tsayi a layinmu, lokacin da 'yan Islamiyya ke wucewa.

Ba su wuce ba.

Sannan ga Baba maƙwabcinmu, da rawani da carbi. Ya yi aiki da injinan ɗab'i a Kamfanin Gaskiya tun ban san hagu da dama ba, saboda haka duk abin da ke da noti a unguwar nan ƙarƙashin ikonsa yake. Ya ɗaga kai, ya daɗe yana nazari.

"Ɗana, iska ce a ciki. Bar ta ta fita."

"Baba, ruwa ne!"

"Na gani. Iskar ce ke turo shi. Ruwa ba ya tsami banza."

"Baba, ku sa yaro ya miƙo min tsumma!"

"Tsumma zai hana ta fita. Kai dai ka natsu. Yaran yanzu ba ku da haƙuri da inji."

Wani ɗan acaɓa ya tsaya ya ce a liƙa sabulu. Mai shayin bakin titi ya ce robar taya ta fi, akwai ta a Sabon Gari, a ƙetare Kubanni a sayo. Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ya bayyana musu cewa a zamaninsu tukunya da itace ne hita, kuma bai taɓa ganin tukunyar da ta tuɓe wa mutum wando ba. Sai ya juyo gare ni cikin tausayi.

"Kuma ka gyara tsayuwarka, akwai mata."

Maiɗakina kuwa ba ta ce uffan ba. Bokitai da robobin wanki ta jera a ƙarƙashina, tana canza wanda ya cika. Maƙwabta suka ga abin alheri ne, su ma suka kawo nasu. Har wata yarinya ta ce, "Kawu, ɗan matsa hagu, ba ya shiga jarkata."

Na matsa.

Haƙorana na kaɗawa, yatsuna sun mutu, ruwan ya rage ƙarfi, ya koma zirara, ya koma ɗigo. Can cikin tankin aka ji wani dogon gunji, fayif ya yi gyatsa, ya yi tsit.

Baba ya mayar da carbinsa aljihu, ya dubi jama'a.

"Kun ji ta? Ta fita."