Bizar Gidanmu Ta Fi Ta Ostireliya Wuya

Duk matashin da ke riƙe da fasfon Kanada, daga shekara 18 zuwa 35, yana da damar neman izinin zuwa Ostireliya ya zauna wata 12, yana yawon buɗe ido, yana kuma 'yan ayyuka don kada aljihu ya bushe. Lambar bizar 417. Tun 1975 Ostireliya ta buɗe wannan ƙofa, kuma matasan Kanada da Birtaniya da Ailan ne suka fara shiga. Abokaina da muka gama jami'a tare a Winnipeg a waya suka cike takardun, suna kurɓar kofi, kafin ka ankara sun fara turo hotuna daga bakin teku. Abin da shafin gwamnatin Ostireliya bai faɗa ba shi ne, wanda iyayensa Hausawa ne akwai wata bizar da zai fara samu, kuma ofishinta yana falon gidansu.

Ni ne auta. A Winnipeg aka haife ni, amma Hausa muke yi a gida, don Baba ya ce Turancinmu ya tsaya a bakin ƙofa tare da takalmanmu. Yaya Hadiza mai haɗa magunguna ce a Calgary, Yaya Nura injiniya ne. Ni kuwa tarihi na karanta, abin da har yau Baba yake faɗa wa baƙi da ƙaramar murya. Da gangan na zaɓi watan Janairu don in kawo maganar, lokacin da sanyi yake kai digiri 30 ƙasa da sifiri, a zatona sanyin zai tsaya mini shaida. A Ostireliya wannan watan tsakiyar zafi ne.

Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Aiki za ka je ko hutu?"

Na ce, "Duka biyun, Baba."

"Wane irin aiki?"

Na fara da masu daɗin ji. Na ce akwai gidajen abinci, akwai otal-otal, kuma a bisa ƙa'ida ba a wuce wata shida wajen ubangida ɗaya, saboda haka mutum zai ga abubuwa iri-iri. Na ce har karatun wata huɗu an yarda a yi. Da na ga ya gyaɗa kai a kan karatu, sai daɗi ya kwashe ni, na ƙara da cewa wanda yake son shekara ta biyu sai ya yi kwana 88 yana aikin da aka ƙayyade a karkara, kamar tsinkar ayaba a Queensland ko mangwaro a arewacin ƙasar.

Baba ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. A gidanmu wannan alama ce ta kowa ya nemi wurin zama.

"Ni," in ji shi, "na bar gonar ubana a ƙasar Katsina. Na yi karatu da fitilar ƙwai. Na tsaya a layin biza a Legas tun kafin asuba. Na zo ƙasar nan na wanke kwanuka da dare, da rana ina aji, duk don kada ɗana ya riƙe fartanya. Yau kai ne za ka biya kuɗin jirgi, ka tsallaka teku, ka je ka tsinko wa wani mangwaro?"

Na ce ai da albashi. Ya ce shi ma lebura da albashinsa.

Umma ba ta damu da mangwaro ba. Tambayoyinta uku ne: ina alƙibla, wa zai yanka mini nama, kuma gaskiya ne macizan can sun fi na ko'ina dafi? Na ce daga Sydney yamma ake fuskanta, an ɗan karkata arewa. Ta yi salati. Ta ce duk ƙasar da ake sallah ana kallon mafaɗar rana, ita ba ta natsu da ita ba. Ta rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bakina ya yi ƙaiƙayi in tambaye ta nisan Winnipeg da Kano, amma tarbiyya ta hana, ga kuma tabarau har lokacin yana kan tebur.

A nan ne digirina ya yi rana, karo na farko tun da na karɓe shi. Na haɗa wa Baba bayani cewa Musulmi sun daɗe a Ostireliya. Tun shekarun 1860 ake kawo masu raƙuma daga Afganistan da yankunan da yanzu suke Pakistan, su ne suka riƙa kai kaya cikin hamadar tsakiyar ƙasar kafin layin dogo ya isa. Sun gina masallaci a Marree, wani a Adelaide wanda har yau ana sallah a cikinsa, kuma jirgin ƙasan da ke ratsa ƙasar daga Adelaide zuwa Darwin, The Ghan, sunansu ya ci. Raƙuman da suka saki sun hayayyafa a daji, har yanzu Ostireliya tana sayar wa wasu ƙasashe raƙuma. Na ce a Sydney akwai unguwar Lakemba, inda masallaci da mahauta na halal suke jere. Baba ya ji daɗin labarin ƙwarai. Ya ce, "To, su da raƙuma suka je. Kai da me za ka je?"

Duk da haka ya ce in fara takardun mu gani. A bakin Baba, "mu gani" tana iya zama i, tana iya zama shekara goma.

Fasfona ya riga ya mutu, kuma tun ina ƙasa da shekara 16 aka yi shi, don haka ba sabuntawa zan yi ba, sabo zan nema kamar wanda bai taɓa yi ba. Dole sai da wanda zai tsaya mini: ɗan Kanada mai fasfo, wanda ya san ni aƙalla shekara biyu, ya sa hannu a takarda da bayan hoto cewa ni ne. Ɗan'uwa ma yana iya tsayawa. Na kai wa Baba. Ya ƙura wa hoton ido, ya ɗago ya dube ni, ya sake duban hoton, ya ce shi dai yaron da ya sani ba zai ce zai je tsinkar mangwaro ba, don haka yana buƙatar lokaci ya tabbatar. Ya sa hoton a aljihun babbar rigarsa ya tafi masallaci. Na kira Yaya Hadiza na ce ta sa mini hannu, tunda doka ta yarda. Ta yi dariya har da tari. Ta ce dokar Ottawa ta yarda, amma ita tana so ta ci gaba da zuwa gida da Sallah. Sai da na yi alƙawari a gaban Umma cewa ina dawowa zan nemi digiri na biyu, a fannin da ake iya faɗa wa baƙi, sannan hoton ya fito daga aljihu yana ƙanshin turare.

Sai kuɗi. Ana son mutum ya nuna yana da kimanin dala 5,000 ta Ostireliya, ban da kuɗin jirgin dawowa, ga kuɗin bizar kanta da ya haura dala 600. Na kwashe ƙanƙara a ƙofofin maƙwabta, na yi aikin dare a kanti, abin bai cika ba. Umma, wadda ta rantse ba da yawunta ba, ita ce ta kira ni kicin ta cike mini da kuɗin adashenta, bisa sharaɗin kada Baba ya ji. Washegari Baba ya kira ni gareji ya ba ni wani abu, bisa sharaɗin kada Umma ta ji. Na riƙe amanar kowa.

Ita kanta takardar a intanet ake cikewa, ta ImmiAccount, kuma dole mutum yana wajen ƙasar lokacin da zai nemi ta farko. Amma kafin in fara, labari ya isa Kano. Kawu ya kira da bidiyo, rabin fuskarsa da silin ɗakinsa kawai nake gani. Ya ce kada in kuskura in taɓa komai, ya san wani mutum a Abuja mai haɗa biza, in turo fasfo da abin goro. Na ce, "Kawu, ai da kaina zan yi a kwamfuta." Ya ce, "Yaro kenan. Biza ba tare da hanya ba?" Ban ga laifinsa ba. Ɗansa Bashir ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, digirinsa na injiniya ne, amma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da wannan yarjejeniya da Ostireliya, saboda haka ko shafin farko ba zai wuce ba. Kanada tana da irinta da ƙasashe fiye da 30. Tsakanina da Bashir babu wani bambanci sai asibitin da aka haifi kowa.

Tambayoyin suka zo da sauƙi, har na isa wata da ke cewa: a cikin shekara biyar da suka wuce, ka taɓa zama fiye da wata uku a jere a wata ƙasa ban da ƙasar fasfonka? Na taɓa. Bayan shekarata ta farko a jami'a an tura ni wajen Hajiya kakata a Kano, wai in koyi gaisuwa. Na rubuta gaskiya. Amsa ta zo cewa sai na yi hoton ƙirji wajen likitan da suka amince da shi, saboda wanda ya daɗe a ƙasar da tarin fuka yake da yawa haka ake masa. Ƙa'ida ce kawai, ba ni kaɗai ba.

Umma ta faɗa wa ƙanwarta a waya cewa za a yi wa Auta hoton ƙirji saboda zamansa a gidan Hajiya. Ƙanwarta ta faɗa wa Gwaggo cewa ana zargin Auta ya ɗebo tari a Kano. Kafin magariba ta Kano, a zauren WhatsApp na dangi, ina kwance a asibiti. Kafin isha, na rame. Saƙonnin murya suka riƙa shigowa, kowa da "sannu da jiki" da "Allah ya sa kaffara ne". Wani ɗan'uwan Baba da ban taɓa gani ba ya turo tsarin shan zuma da habbatus sauda, safe da yamma. Wata inna da ta daɗe tana yi mini tayin 'yarta ta aiko a ce mini yarinyar ta samu miji. Ita kuwa Hajiya ba ta yi mini sannu ba ko sau ɗaya. Ta kira Baba ta ce a gidanta aka yi goyon 'ya'ya tara da jikoki ba adadi, babu wanda ya taɓa yin tarin da ya wuce na mura, kuma tana so a ba ta lambar Sarkin Ostireliya. Baba ya ce mata ai sarkinsu ɗaya da na Ingila da namu na Kanada. Ta ce to ya fi sauƙi, a ba ta tasa.

Hoton ya fito garau. Na ɗauki sakamakon na sa a zauren dangi. Mutum biyu suka ce Alhamdulillah, sauran suka ce lallai zumar ta yi aiki.

Bizar ta zo ta imel, da tsakar dare. Babu hatimi, babu takardar da aka manna a fasfo, komai yana cikin kwamfutarsu, an ɗaure shi da lambar fasfona, kuma ina da wata 12 in shiga ƙasar. Baba ya buɗe fasfon shafi-shafi, har ya ɗaga shi sama wajen fitila. Kawu ya ce ai ya faɗa, an damfari yaro. Sai da na buga imel ɗin a takarda, Umma ta kai aka lulluɓe ta da roba, sannan hankali ya kwanta. Babu ma'aikacin da ya taɓa tambayata wannan takarda, amma tana jakata.

Gwagwarmaya ta ƙarshe a kan akwati aka yi ta. Umma ta jera kilishi, da dambun nama, da daddawa, da kuka, da yaji, da busasshiyar kuɓewa. Na yi mata bayani cewa Ostireliya ba ta wasa da abin da ake shigo mata da shi, saboda tsoron cututtukan dabbobi da na shuka. A jirgi ake ba kowa kati ya bayyana abinci da nama da iri, karnuka suna shinshina kaya, kuma wanda ya ɓoye ana iya cin tararsa, har a soke masa biza. Ta ce, "Kare ne zai shinshina mini kilishi?" Wannan ne ya sa ta cire naman da hannunta, ba tsoron tara ba. Ni da Yaya Nura muka cinye shi a daren. Kuka da yaji kuwa ta ce in bayyana su, idan an tambaya in ce magani ne. Na bayyana su a matsayin abinci, na tsaya a layi ina wa wata ma'aikaciya bayanin bishiyar kuka. Ta ce ai suna da danginta a arewa maso yammacin ƙasarsu.

Yanzu ina wata gona kusa da Katherine, a Yankin Arewa. Ruwan da ke fita daga hancin mangwaro yana ƙona fata, don haka cikin wannan zafin da doguwar riga da safar hannu muke aiki. Gwamnati tana cire kashi 15 cikin ɗari na albashi, abin da Baba ya lissafa ya turo mini tun kafin a biya ni. A masallacin Winnipeg yana faɗa wa mutane cewa autansa yana nazarin noman zamani a ƙasar waje. Da na ce masa ina tunanin neman shekara ta biyu, ya ce babu laifi, amma in sani gonar kakana tana nan da bishiyoyin mangwaro, kowace shekara yaran unguwa ne suke jifansu, kuma can babu wanda zai nemi hoton ƙirjina.