Ku Masu Salula, Ku Gama Dariyar Tukuna

Na san abin da za ku ce: wane mai neman wahala ne zai kafa akwati mai ƙafa uku a ranar Dogarawa, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, wai don hoton gonar albasa? To, kai mai ƙyaƙyatawa, je ka tambayi kakanka da wace na'ura aka yi masa hoton katin ɗan ƙasa na farko.

Ka leƙa gilashin bayan akwatin, za ka ga fadamar Galmi a kife, sama a ƙasa, masu ban ruwa suna tafiya da kai. Ba aljanu ba ne, Malam, haka haske ke shiga ta ido. Fim ɗin kuma falle-falle ne: falle ɗaya, hoto ɗaya. Shi ya sa mai shi ke tsayawa jiran rana ta karkata, inuwar kunya-kunya ta fito, kafin ya latsa. Ku kuwa kafin nan kun ɗauki hamsin, arba'in a ciki yatsanku ne.

Kuna cewa kayan da ne. Seydou Keïta ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, dodon hotonsa santimita 13 da 18, yau ana rataye aikinsa a manyan gidajen nuni na Faransa da Amurka, ana ƙirga zaren rigar mutum. Ansel Adams ma da irin wannan akwatin ya ɗauki duwatsun Yosemite.

Sai wanki. Fim ba ya son ko ƙyallin ashana, a duhu dulum ake wanke shi. Takardar da ake buga hoton a kai ce ke haƙuri da jar fitila. Faranti uku: na fito da hoto, na tsayarwa, na kamawa. Kana karkaɗa na farko, farar takarda ta fara yin toka-toka, tudu ya fito, giginya ta biyo. Inda ya yi duhu da yawa, da tafin hannu ake kare masa haske wajen bugawa.

Tsada? Akwai ta, ban musa ba, kuma maganin wankin ba a kasuwar Konni yake ba. Amma ina hotunan bikinka da ke cikin wayar nan da ta faɗa rijiya?

Mai gardama ya same ni a kwarin Maggiya bayan sallar asuba. Shi zai ɗauki ƙafafun akwatin.