Kada A Yi Shiru, Jariri Na Barci

Akwai wata doka da ke fara aiki a gida tun ranar da aka dawo da mai jego daga asibiti. Ba majalisa ce ta kafa ta ba, amma ta fi dokar majalisa ƙarfi: "Ku yi shiru, yaro na barci!" Daga Kafanchan zuwa Zonkwa, daga Kagoro zuwa Kwoi, haka ake yi. Maigida ya koma sanɗa a gidan da shi ke biyan haya, a kashe rediyo, a kai akuya bayan gida a ɗaure, yara a riƙa yi musu faɗa da ido, mai tari ya fita ya yi abinsa a titi. Gida ya yi tsit. Can sai cokali ya suɓuce daga hannun wani, ya ce ƙil a kan siminti, jariri ya tsala ihun da za a ji a layi na uku, kowa ya juya ya harari mai cokali. Ni dai a ganina an zalunci mai cokali. Mai laifi shi ne shirun nan da aka yi ta wahalar tarawa tun magariba, kuma ina da hujja.

Mu fara da inda jaririn ya fito. Wata tara ya yi a ciki, kuma ciki ba wurin shiru ba ne. Zuciyar uwa na bugawa dare da rana, jini na gudu a jijiyoyi, hanji na ƙugi bayan an sha gwaten acca, ga muryar uwar tana ciniki da mai citta a kasuwa. A watannin ƙarshe kunnen ɗan tayi yana jin duk wannan. Wanda ya saba da irin wannan hayaniya, ka ɗauko shi ka shimfiɗe a ɗakin da ko numfashi ba a yi da ƙarfi, ka kuma yi mamakin ya tsorata! A shekarar 1990 wasu likitoci a Landan sun gwada abin a kan jarirai 40 'yan kwana 2 zuwa 7 da haihuwa. Sun kasa su gida biyu. Kashi na farko aka kunna musu wata ƙara mai shuuu, irin ta rediyon da ya rasa tasha; 16 daga cikin 20 suka yi barci cikin minti 5. Kashi na biyu aka bar su haka nan, 5 kacal suka yi barci. Jarirai 40 ba su da yawa, na yarda, amma tsakanin 16 da 5 akwai tazarar da ba sai an kira akawu ba.

Dalilin abin bai da wuyar ganewa. Sau da yawa ba ƙarfin sauti ke tayar da mai barci ba, sauyinsa ne ba zato ba tsammani. Idan ɗaki na ɗauke da wata ƙara mai laushi da ba ta hawa ba ta sauka, sai ta lulluɓe ƙananan sautuka: rufe ƙofa, haushin kare, ɗan acaɓan da ya yi oda a kan kwana. Turawa sun gano haka, suka mayar da shi sana'a. A 1962 wani kamfani a Amurka mai suna Marpac ya fara sayar da na'urar barci, wadda in ka buɗe cikinta ba abin da za ka tarar sai 'yar fanka da aka kulle a gwangwani don ta yi ƙara ba tare da ta ba ka iska ba. Yau kuma ana sayar wa mutane sautin ruwan sama da na rafi da na kukan gyare a waya. Mu kuwa a kudancin Kaduna Allah ya ba mu wannan haja kyauta. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa na dukan rufin kwano, kwaɗi na amsawa daga fadama har asuba. Ga Matsirga kusa da Madakiya, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse bai taɓa neman a sa masa kati ba. Ita kanta Kafanchan ƙarar jirgi ce ta raya ta, tun da ta zama mahaɗar layin dogo a wajen 1927, kuma ba a ji cewa 'ya'yan ma'aikatan reluwe sun girma ba su taɓa runtsawa ba.

Inda abin ke lalacewa shi ne lokacin da maigidan zamani ya ce zai nuna ilimi. Ana tsakiyar damina, ruwa na zuba a waje kamar da bakin ƙwarya, shi kuma ya rufe taga ya sayi data don ya kunna ruwan saman wata ƙasa a YouTube. Minti goma sun yi kyau, idon yaro ya fara lumshewa, maigida ya dubi matarsa da murmushin wanda ya ci zaɓe. Kwatsam sai ruwan ya tsaya, wani mutum ya fito yana ihun tallan bashi ba jingina. Aka lallaɓa aka sake kunnawa, sai kawu ya kira daga Legas ƙarfe ɗaya na dare don ya ji ko yaro na barci. Aka kashe kiran, batir ya mutu. Aka koma ga fanka, tana cikin juyi aka ɗauke wuta, shirun da ya biyo baya ya tashi yaron fiye da yadda ganga za ta tashe shi. Duk waɗannan ba su ƙaryata maganata ba, ƙarfafa ta suka yi: abin da ya tashi yaron kowane karo yankewar sautin ne. Sai dai a nan zan ajiye raha. Wanda ya ga haka ya ce bari ya jawo janareta kusa da taga don ƙararsa ba ta yankewa, ya sani hayaƙinsa na ɗauke da guba marar launi marar wari da ta sha hallaka iyali guda cikin dare ɗaya. Janareta wajen gida yake zama, nesa da taga da ƙofa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ma, wanda zai ƙona fetur don reno sai dai a yi masa addu'a.

Na san kaka za ta taso min. Za ta ce: "Ɗana, na haifi goma na rene su, ban san wata na'ura ba." Gaskiyarki, Mama, amma ki tuna yadda kika yi. Kin goya shi a baya, kunnensa manne da jikinki yana jin bugun zuciyarki, kina daka a turmi taɓarya na sauka lokaci ɗaya-ɗaya, ko kina sheƙa hatsi, ko kina jijjiga shi kina cewa shhh a kusa da kunnensa. Ba wanda ya taɓa dakatar da daka a gidanku don jariri na barci. Hasali ma in an daina ne yake farkawa. Ashe ke da likitocin Landan bakinku ɗaya, sai dai ke ba a buga sunanki a mujalla ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: ba za a lalata wa yaro kunne ba? Za a iya, in aka yi ganganci. A 2014 masu bincike a asibitin yara na Toronto da ke Kanada sun auna na'urorin barcin jarirai guda 14. Da aka ƙure musu murya aka auna daga nisan santimita 30, dukansu sun haura ma'aunin sauti 50 da aka ƙayyade wa ɗakunan jarirai a asibiti, 3 daga ciki ma sun wuce 85, iyakar da ake sa wa babban mutum mai aikin awa 8 a masana'anta. Wato akwai iyayen da, da sunan lallashi, suke kwantar da ɗansu a gindin injin niƙa. Shawarar masu binciken ita ce a nisanta abin daga gadon yaro, a rage murya, kada kuma a bar shi yana yi ba iyaka. Gwaji mai sauƙi: in sai kin ɗaga murya kafin maigida ya ji ki a cikin ɗakin, to ƙarar ta yi yawa. Wannan ƙa'ida ta hau kan lasifikar maƙwabta ma, ta biki ce ko ta wa'azi ko ta addu'ar kwana. Ba ta cikin maganin barci, ko da mai ita ya rantse.

Na uku, za a ce yaro zai saba, ba zai ƙara barci ba sai da ƙara, har ya zama an je ƙauye Kirsimeti ko Salla ana yawo da fanka a ka. Sabo gaskiya ne, amma wanda ake yaye shi daga nono ba zai gagara a yaye shi daga fanka ba. A riƙa rage muryar kaɗan-kaɗan har ya manta. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne alkawarin masu talla cewa jariri zai yi barci daga isha har safe. Sabon haihuwa cikinsa ɗan ƙarami ne, kowane awa 2 ko 3 yana bukatar nono, kuma farkawarsa lafiya ce. Ba sautin ruwan da ke maganin yunwa, ko jiƙaƙƙen ƙyalle, ko cizon sauro. Kukan da ya zo da zafin jiki, ko yaro ya ƙi kama nono, ba a rufe shi da ƙarar rediyo. Asibiti ake nufa, ko ƙarfe nawa ne.

Saboda haka iyaye, a sassauta wa gida. A shayar da yaro ya ƙoshi, a kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro, a bar fanka ko rediyo na shuuu ƙasa-ƙasa daga can nesa, in damina ce a bar rufin kwano ya yi aikinsa. A kwance akuya, a bar maigida ya taka ƙasa da ƙafa biyu, wanda kuma ya yar da cokali a yafe masa.